Katin dubu ashirin kwana takwas ya ƙare, me ke shanye mana wuta?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida, dan Allah shawara nake nema saboda abin nan ya fara kawo magana tsakanina da maigida. Muna Kano, layinmu Band A ne, wato rukunin da aka ce ana ba wuta awa 20 a rana, katin dubu ashirin yunit 88 da ɗan ɗoriya yake bamu, kuma wlh kwana takwas ya ƙare, jiya da asuba mita ta fara kuka. Gidan fa ba wani babba bane, ɗaki uku da falo, mu bakwai ne har da ƙanwata. Bamu da esi, kuma yanzu hunturu ne ko fanka ba ma kunnawa. Shi yace yara ne basa kashe ƙwai kuma suna barin caja a soket, kullum da dare sai an yi musu faɗa, ni kuma zuciyata tana bani mitar ce take gudu. Wanda ya san kan abin ya taimaka min.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Hajiya nima inaga mitar ce, tunda aka sa mana sabuwa kuɗi kawai muke zubawa. Lokacin da ake kawo bil a takarda mun fi samun sauƙi.

Mai Wayarin: Hajiya kafin a ɗora wa mita laifi ko a ɗora wa yara, lissafo mana duk abin da kuke jonawa a wuta, kar ki bar komai har wanda kike ganin ba a bakin komai yake ba. Yunit 88 a kwana takwas 11 kenan kullum, caja ba za ta sha wannan ba ko shagon cajin waya kuka buɗe.

Maman Khalifa: Toh akwai firiza ɗaya tsohuwa 'yar Beljiyam, talabijin da dikoda, dutsen guga, injin da ke tura ruwa tanki, ƙwayayen ɗakuna duk farare ne na LED, sai guda biyu na waje ɗaya a tsakar gida ɗaya a ƙofar gida su ne jajaye na da, su muke bari har gari ya waye saboda tsaro. Sai hita da muke sawa a bokiti saboda sanyin nan, kowa da bokitinsa da safe. Akwai hotfilet ma, a kai nake dafa wake ko ganda ko tafasa nama dan kar gas ya ƙare da wuri.

Mai Wayarin: Alhamdulillah, ai an ga ɓarawon. An bar jaki ana dukan taiki Hajiya. Bari in miki bayani yadda kowa zai iya lissafin nasa. Kowane kayan wuta akwai lamba a jikinsa da harafin W a gaba, wat kenan, duba bayan dutsen guga ko ƙasan hotfilet za ki gani. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 ya yi aiki na awa ɗaya. Shikenan lissafin. Abu mai wat 100 sai ya yi awa goma kafin ya ci yunit ɗaya, mai wat 2000 kuwa rabin awa ya ishe shi.

Yanzu hitar bokiti yawanci wat 1000 zuwa 1500 ce. Bokiti ɗaya cikin sanyin nan kafin ya yi zafin wanka kusan minti ashirin, wajen rabin yunit kenan. Ku bakwai, yunit uku da rabi sun tafi tun kafin yara su fita makaranta. Hotfilet shima 1000 zuwa 1500 ne, wake ko ganda kuwa kin san ba abin minti goma bane, ki sa masa yunit biyu. Jajayen ƙwan nan biyu idan masu wat 100 ne, daga magariba zuwa wayewar gari awa sha ɗaya, yunit biyu da ɗoriya. Tsohuwar firiza ki bata biyu a rana. Guga rabi, injin ruwa rabi, talabijin da fararen ƙwai duka rabi. Haɗa ki gani, 11 ɗin ta fito cif. Cajar da ake yi wa yara faɗa a kanta idan ba waya a jiki, ko wata guda ta yi a soket ba za ta ci yunit ɗaya ba.

Abin da nake gaya wa duk wanda na je yi wa aiki, duk abin da ke dumama abu ko yake sanyaya abu shi ne mai cin kuɗi. Hita, butar shayi ta wuta, dutsen guga, hotfilet, firiza, esi. Jan ƙwai ma yana cikinsu dan yawancin wutar da yake sha zafi take zama ba haske ba, shi yasa ba a iya taɓa shi da hannu.

Maman Khalifa: Innalillahi. Wlh ni a tunanina taimakon maigida nake da nake dafa wake a hotfilet, ashe ƙara masa nake. Kuma yaran nan an sha zaginsu a banza.

Ummu Sadik: Kar ki damu 'yar uwa kusan duk haka muke. Da can wuta ba ta da wannan tsadar shi yasa muka saba, in an kawo wuta kowa ya ruga ya jona komai. Ai sai a watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki NERC ta ɗaga kuɗin Band A daga wajen naira 68 zuwa 225 duk yunit, daga baya aka rage zuwa 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma 209.50 a watan Yuli, ga harajin VAT kashi 7.5 a kai. Dabi'ar ce bata canza ba amma farashi ya ninka sau uku.

Baban Ummi: Duk da haka Malam ni ban yarda mitocin nan basa gudu ba.

Mai Wayarin: Alhaji gani ya kori ji, gwadawa za ka yi. Kashe komai na gidan, cire duk fulogi daga soket har firij, ka kashe duk ƙwai. Je ka duba mitar, akwai wata 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa idan ana shan wuta. In komai a kashe yake kuma tana ci gaba da ƙyaftawa to ɗayan biyu ne, ko wayarin ɗinka ya tsufa wuta tana zurarewa ƙasa ta bango mai damshi, ko akwai wanda ya ja waya daga naka. Na sha samun duka biyun, musamman gidajen da aka raba gado aka yi katanga a tsakiya amma ba a raba waya ba. In ta tsaya cak, sai ka rubuta lambar da ke kan mita, ka kunna abu ɗaya da ka san wat ɗinsa na awa ɗaya ka sake dubawa. In abin ya yi nesa da lissafi sosai sai ka kai ƙorafi ofishinsu a zo a duba. Akwai mitar da ke lalacewa ban ce babu ba, amma a aikina na fi samun laifin a cikin gida.

Hajiya Babba: Ni maganar hita ce ta tsaya min. Ku 'yan yanzu ban san me ya haɗa ku da ita ba. Bayan cin kuɗi abar nan kisa take, yaro ya sa hannu a bokiti ya ji ko ruwa ya yi zafi shikenan. Mu da yaranmu goma muka yi hunturu ba hita. In an sauke tuwon dare garwashin nan da ya rage ba a barinsa ya mutu a banza, babbar tukunya ake ɗorawa a cika ta da ruwa a rufe. Da safe kuma wutar koko ko ta ɗumame ita ce ta ruwan wanka. Na yamma kuwa baƙar jarka za ki cika ki ajiye a rana tun hantsi, ko a hunturu zuwa la'asar ya kashe sanyi, ki yi wa yara wanka kafin magariba, da safe sai wanke fuska da hannu da ƙafa da ɗan ruwan ɗumi.

Maman Khalifa: Hajiya Allah ya ƙara girma, gaskiya ne. Matsalar ni gidana ba murhu, tayil ne har tsakar gida, sai dai kurfoti.

Hajiya Babba: Kurfotin ma ya isa 'yata. Amma a waje fa, kar sanyi ya sa ki shigar da gawayi ɗaki ki rufe ƙofa da taga, hayaƙinsa ba a gani ba a jin warinsa mutum yana barci ya wuce. Haka janareta, kar a kusanto da shi taga.

Abban Fatima: Ni tambayata, gas ɗin ma ai ba araha yake ba. Wanne ya fi sauƙi tsakani da Allah, a dafa ruwa da gas ko da hita? Kar a gudu daga wannan a faɗa wancan.

Malamin Kimiyya: Tambaya mai kyau, kuma amsar ba ɗaya bace ga kowa. Kilo ɗaya na gas zafin da ke cikinsa ya kai na yunit 12 da ɗoriya, amma kusan rabi yana tserewa ta gefen tukunya, abin da ke shiga abinci wajen yunit 6 ne ko 7. A Band A yunit da haraji yana kai naira 225, shida kenan 1,350. Sai ka kwatanta da yadda ake sayar da kilo a unguwarku. Ita hitar bokiti tunda cikin ruwan take kusan duk zafin a ruwan yake tsayawa, dan haka ita da gas kusan kunnen doki suke, bambancin ba yawa. Hotfilet ne asara, shima yana zubar da zafi ta gefe, ga daɗewa kafin ya ɗau zafi, ga shi bayan an sauke yana nan jajir ba amfani. Ga ɗan Band A gas ya fi hotfilet sauƙi. Amma wanda ke Band C ko D da kuɗin yunit ɗinsa bai kai rabin wannan ba, lissafin juyewa yake, in wutar ta zo girki da ita ya fi masa. Dan haka kowa ya duba rasit ɗin katinsa ya raba kuɗin da yawan yunit ya san nawa yake saye kafin ya ɗauki shawarar wani.

Ummu Sadik: Kuma ko da me za a dafa, waken nan a jiƙa shi tun dare, da safe ba ya ɗaukar lokaci. A rufe tukunya, in ta tafasa a rage wuta dan ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar, ƙonewa kawai yake. Ni tunda na sayi tukunyar furesha ganda da ƙafar sa sun daina bani tsoro, abin da ke cin awa biyu da rabi ƙasa da awa ɗaya ya yi luguf. Kuma in za ki sha shayi kofi biyu kar ki cika buta taf, iya wanda za a sha.

Mai Ƙanƙara: Dan Allah ku zo kan firiza, ni ita ce jarina. Ina yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, firiza biyu gareni, ba zan iya kashewa ba, da ita nake biyan kuɗin Islamiyyar yara. Amma tun da aka ƙara kuɗin wuta in na zauna lissafi sai inga kamar masu wuta nake yi wa aiki.

Mai Wayarin: Anti ba kashewa za ki yi ba, gyara za ki mata. Na farko robar bakin murfi, ɗauki takardar kuɗi ki sa a baki ki rufe murfin a kai ki ja, in ta zare salin alin ba ta riƙe ba to sanyi yana fita ta nan, injin ba zai huta ba, a canza robar ba tsada. Na biyu ƙanƙarar da ke taruwa a jikin bango, mutane suna ganinta kamar alamar firiza mai kyau ce, alhali tare sanyin take, in ta yi kauri a kashe a bari ta narke, kar a sa wuƙa a fasa bututun gas. Na uku inda kika ajiye ta. In tana kicin kusa da wuta ko a baranda rana tana dukanta ko an manna ta da bango iska bata zagayawa, aiki biyu take. Sai zoɓon, kar ki zuba shi da ɗuminsa, bari ya huce sarai tukunna. Kuma buɗe-buɗen nan, kowane yaro ya zo da naira hamsin a buɗe masa, gara ki kwashe na sayarwa a kula ki bar firiza a rufe.

Mai Ƙanƙara: Ɗayar kam a baranda take rana tana samunta daga azahar. Kuma yanzu da sanyin nan ciniki ya ja baya duka biyun rabi rabi suke.

Mai Wayarin: Toh haɗe kayan a ɗaya ki kashe ɗayar har zafi ya dawo, ki wanke ta ki bar murfin a ɗan buɗe kar ta yi wari. Firiza cikakkiya ta fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta.

Malamin Kimiyya: Ga masu kayan miya kawai ma ba dole sai firij ba. Akwai wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, da ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan yana bushewa yana janye zafi, yadda randa ke sanyaya ruwa dai. Tumatir da attaruhu da alayyafo suna ƙara kwanaki. Nama da madara banda su.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku. Mu nan abin da ya koya muna hankali shi ne lokacin da Najeriya ta yanke muna kuran, wato wuta, a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, dan mafi yawan wutar da NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ke rabawa daga wajenku take zuwa, sai watan Maris na 2024 anka maido. Cikin wannan lokaci mutane da yawa sunka koma pano, wato fanel na sola, ko ƙarami ne, ƙwai uku da fanka da cajin waya. Ni abin da zan ƙara, in zafi ya zo kar ku ce sai esi. Mu nan muna aiki da mai sanyaya iska da ruwa, ana zuba mishi ruwa fanka na hura iska ta cikin jiƙaƙƙen abu, wutar da yake ci kaɗan ta ɗara ta fanka. Cikin watan Afrilu da iska ke bushe yana aiki sosai, amma a bar taga a ɗan buɗe. In damina ta sauka kam ba shi da amfani, ɗaki sai ya yi gumi.

Abban Fatima: Eya kula kenan a wajenmu. Gaskiya ne, ni esi mai doki ɗaya da rabi gareni, wat dubu da ɗoriya, dare ɗaya a bazara sai ya ci yunit bakwai takwas. Yanzu awa biyu nake kunna shi kafin barci a rufe ƙofa, sai fanka ta karɓa.

Sabon Ango: Ni dai in za ku ji tawa duk wannan wahala ce. Akwai yaron da ke zuwa unguwarmu yana ɗan taɓa waya ta bayan mita, kayan nauyi su bi ta gefe, ƙwai kawai mita za ta dinga gani. Kowa yi yake.

Hajiya Babba: Subhanallah. Ɗana sata ce wannan ko me za a kira ta. Da wannan wutar za a dafa abincin da iyalinka za su ci?

Sabon Ango: Hajiya su ma ai cutarmu suke, ana karɓar kuɗin awa ashirin ba a bada awa ashirin.

Mai Wayarin: Ango ni sana'ata ce kuma ana kirana in yi ina ƙi. Bar maganar tara da Dokar Lantarki ta 2023 ta tanada ga mai satar wuta, gobarar nake ji maka. Wayar da ake ratsawa ta gefe ba fis ba komai a kanta, a ɗaure da salatif a cusa a silin, ranar da ta yi zafi ba abin da zai katse ta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan har maƙwabta yake duka. In ba a baku awannin da aka yi alkawari ba akwai hanya, Band A awa 20 ne a ƙalla, B 16, C 12, D 8, E 4. Ku haɗu 'yan layi ku dinga rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa, ku kai ƙorafi a rubuce, in ba a saurare ku ba ku wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC, layin da ba ya samun awanninsa ana iya sauke shi zuwa rukunin ƙasa.

Admin: Dan Allah maganar ratsa waya ta tsaya nan, ba ma bada wannan shawarar a gidan nan. A ci gaba da abin da aka faro.

Maman 'Yan Biyu: Ni tawa matsalar daban ce, gidan haya muke mu biyar mita ɗaya, ana raba kuɗi daidai. Ni ƙwai biyu da fanka da talabijin gareni, maƙwabciyata tana da firiza da hotfilet da hita, kuma kuɗinmu ɗaya. In na yi magana a ce na fiya ƙorafi, shekara shida muna zaune lafiya bana son abin duniya ya raba mu amma abin yana cina.

Ummu Sadik: Mun yi irin wannan zaman. Kar ki tunkare ta ke kaɗai, ki sa maigidanki ya yi wa mai gidan magana a kira kowa. Akwai ƙaramar mita da ake sa wa kowane ɗaki, ba ta kamfani bace, ƙirga abin da kowa ya sha kawai take, ƙarshen wata kowa ya biya nasa, ƙwan tsakar gida da injin ruwa a raba daidai. Ranar da aka sa mana wlh gidan ya yi shiru, kuma abin mamaki kuɗin gaba ɗaya ma ya ragu dan kowa ya fara kashe nasa.

Baban Ummi: Na yi gwajin da Malam ya faɗa. Na kashe komai fitilar tana ta ƙyaftawa, ashe inbata ce na manta, tana cajin batir.

Mai Wayarin: Yawwa Alhaji, wannan mutane da yawa basa sa ta a lissafi. Inbata ba ta ƙirƙirar wuta, ajiya take, kuma abin da ta karɓa ba duka take mayarwa ba, wani kaso yana tafiya a zafi wajen caji da wajen fitarwa. In batiran sun tsufa abin ya fi muni, kullum suna sha basa ƙoshi. In kana da fanel a sama saita ta ta fara da rana, wutar kati ta zama ta ko-ta-kwana. Kuma da hunturun nan a dinga goge fanel, ƙurar da ke kwanciya a kai tana rage abin da yake bayarwa sosai, da sassafe ko da yamma da ruwa da tsumma mai laushi, ba da tsakar rana yana da zafi ba.

Abban Fatima: Sola kam tun duhun watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna Arewa ta kwana fiye da mako ba wuta, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, na san dole a nemi ko ƙarama ce. Amma shawarata a fara rage lodi kafin a sayi sola, in ba haka ba kuɗin da za a yanka maka zai sa ka fasa.

Hajiya Babba: Kuma masu gini ku ji, ɗakin soro da muka taso a ciki da rana sanyi da dare ɗumi, ba fanka ba komai. Yanzu a yi bulo a ɗora kwano ƙasa ƙasa ba silin kirki, taga ɗaya, a sare darbejiyar da ke tsakar gida a zuba siminti, sannan a ce zafi. Wanda bai gama gini ba ya ɗaga rufi, ya yi taga biyu masu kallon juna, ya bar bishiya ta yamma.

Maman Khalifa: Salam 'yan gida, na dawo da bayani yau kwana goma da saka sabon kati. Na nuna wa maigida duk abin da aka rubuta, da farko shiru ya yi, washegari da kansa ya sayo fararen ƙwai biyu masu wat 12 ya canza na waje, kuma hasken ma ya fi na da. Hotfilet na ɗaga shi sai ranar da gas ya yanke min ana tsakiyar girki na yi amfani da shi sau ɗaya. Yara da yamma suke wanka da ruwan jarka kamar yadda Hajiya ta ce, hita bokiti uku kawai da safe kuma ni nake tsayawa a kai har in cire. Guga na haɗa ta ranar Asabar gaba ɗaya. Firiza mun narkar da ita, robar kuma ta saki ta gefe ɗaya, takardar zarewa ta yi ba wuya, mai gyara yace zai zo. Kullum bayan sallar asuba Khalifa yake rubuta lambar mita a bayan littafinsa, shi aka ba aikin kuma ya riƙe shi da gaske. A kwana goma mun ci 56, saura 32. Abin da zan faɗa tsakani da Allah gas ya fi saurin tafiya yanzu, ban gama lissafin nawa ya ƙaru ba sai silindar nan ta ƙare. Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam in zafi ya shigo fanka huɗu za mu dinga kunnawa kwana da wuni, nawa zan sa ran za su ci?

Mai Wayarin: Amin Hajiya, madalla da Khalifa. Fankar sama ta gama gari wajen wat 70 ce, huɗu 280 kenan, in suka yi awa goma sha biyar a rana yunit huɗu da ɗan wani abu. Amma lokacin hita ta tafi hutu sai ki cire nata, firiza kuma za ta ɗan ƙara ci saboda zafi. Ki sa ran takwas zuwa tara a rana. In da hali kafin watan Maris ku canza fankar ɗakin da aka fi zama zuwa irin ta DC ɗin nan, wasu wat 30 suke ci ko ƙasa da haka, ku fara da guda ɗaya ku ga yadda lambar Khalifa za ta nuna. Robar firizar kuma kar a bari zafi ya same ta a haka.